Taswira Mai Lissafi: Yadda Ake Gano Matattarar Sanƙarau a Ƙonni, Malbaza da Ilela

Taswira ta saba amsa tambaya ɗaya: ina abu yake? Ina Birnin Ƙonni, ina Galmi, a ina hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. Ƙididdigar wuri, wato lissafin da ake yi wa bayanai ba tare da an raba su da inda suka fito ba, tana ɗora wasu tambayoyin a kan wannan. Abin da aka gani ya taru a wuri ɗaya, taruwar gaske ce ko dace ne kawai? Idan gaske ce, daga ina ta fara, a ina ta tsaya? Wurin da ba a auna ba kuma, me za a iya cewa a kansa bisa ga abin da aka auna a maƙwabtansa? Manhajojin taswira na kwamfuta, irin su QGIS da ake samu kyauta da ArcGIS na kamfanin Esri, suna ɗauke da kayan aikin amsa waɗannan tambayoyi. A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Ilela na jihar Tawa a Nijar, babu inda amfanin wannan lissafi ya fi fitowa fili kamar wajen bin sawun cutar sanƙarau.

Manhajar taswira tana ajiye ƙasa falle-falle, wani bisa wani. Wani falle ɗigo-ɗigo ne, kamar ƙauyuka da rijiyoyi da gidajen likita. Wani layi-layi ne, kamar hanyoyi da ƙoramar Majiya. Wani kuma filaye ne masu iyaka, kamar ƙananan hukumomi ko yankin da gidan likita guda yake kula da shi. Kowane ɗigo yana da lambobi biyu da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa. Birnin Ƙonni, alal misali, tana wajen digiri 13 da minti 48 arewa, digiri 5 da minti 15 gabas. Bayan kowane ɗigo ko fili akwai jadawali mai ɗauke da suna, da yawan jama'a, da duk abin da aka ƙirga a wurin. A kan wannan jadawali ake yin lissafin, taswirar kuwa ita ke gaya wa kwamfuta wane ne maƙwabcin wane.

Matakin farko shi ne sanin yawan mutane, domin adadin marasa lafiya shi kaɗai ba ya nuna komai. Ƙidayar jama'a ta 2012, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta gudanar, ta samu mutum kusan 313,000 a gundumar Ƙonni, sama da 232,000 a Malbaza, da kimanin 336,000 a Ilela. Daga wannan ƙidaya ce aka fitar da kundin garuruwa da ƙauyuka da ake kira RENALOC, mai ɗauke da sunan kowane gari da yawan mutanensa da lambobin matsayinsa. Idan aka zuba ɗigon marasa lafiya a taswira, dole birnin Ƙonni ya fi Bazaga cika da ɗigo, don ya fi ta mutane nesa ba kusa ba. Saboda haka ake raba yawan waɗanda suka kamu da yawan mazauna wurin, a faɗi sakamakon a kan kowane mutum 100,000. Sai dai wannan ma yana da tarkonsa. A ɗauka ƙauye mai mutum 500 ya samu yaro ɗaya da sanƙarau: lissafi zai ba da 200 a cikin 100,000, taswira ta yi ja wur a wurin, alhali mutum ɗaya ne. Masana suna magance wannan ta hanyar sassauta adadin ƙananan wurare, su jawo shi kusa da na maƙwabtansu, gwargwadon ƙarancin mutanen wurin.

Dalilin da ya sa ake dogara da maƙwabta tsoho ne, kowane manomi ya san shi tun kafin wani masanin ƙasa ɗan Amurka mai suna Waldo Tobler ya mai da shi ƙa'ida a 1970: abubuwan da ke kusa da juna sun fi kama da juna bisa na nesa. Amma kwamfuta ba ta san maƙwabtaka ba sai an gaya mata. Ana iya cewa maƙwabci shi ne wanda iyakarsa ta taɓa ta ɗan'uwansa. Ana iya cewa duk wanda ke cikin kilomita 15. Ana iya ɗaukar wurare biyar mafi kusa. Zaɓin yana da nauyi ƙwarai a ƙasar Adar, inda dutse da kwari suke raba ƙauyukan da a taswira suke daf da juna, kwalta kuma ta haɗa waɗanda suke nesa. Tsarnawa da Malbaza da Galmi suna jere a kan hanya guda, motocin albasa da na siminti suna kai da kawowa tsakaninsu dare da rana. Badagishiri tana kan hanyar Tawa, kasuwarta ta dabbobi tana jawo mutane daga ko'ina. A lissafin yaɗuwar cuta, maƙwabtakar hanya da kasuwa takan fi ta tazarar tashin tsuntsu ma'ana, kuma mai lissafin da bai san ƙasar ba ba zai iya zaɓen daidai ba.

Da an tsai da maƙwabtaka, sai a koma ga ma'aunin Moran, wanda Patrick Moran ya fitar a 1950. Aikinsa shi ne ya dubi kowane yanki da maƙwabtansa, ya ga ko masu yawan cuta suna zaune kusa da masu yawan cuta. Yakan ba da lamba ɗaya, galibi tsakanin 1 da kishiyarsa. Idan ta doshi 1, masu kama da juna sun taru. Idan tana wajen sifiri, babu wani tsari, abin barkatai yake. Yadda ake tabbatar da lambar shi ne wurin da hikimar take. Kwamfuta takan kwashe adadin kowane yanki, ta cakuɗa su, ta sake raba su ga yankunan ba tare da zaɓe ba, ta auna, ta sake cakuɗawa, har sau 999. Kamar mai watsa iri ne da hannu: ko bai yi niyya ba, wani wuri zai fi wani samun ƙwaya. Tambayar ita ce ko taruwar da aka gani a ƙasa ta wuce irin wadda watsi kawai yake haifarwa. Idan a cikin cakuɗawa 999 ba a samu ko guda goma da suka kai ta gaskiyar ba, to, ruwa ba ya tsami banza, akwai dalili.

Lambar Moran ta ƙasa baki ɗaya ba ta faɗin inda taruwar take. Luc Anselin ne ya rarraba ta a 1995 yadda kowane yanki zai samu tasa, kuma manhajar GeoDa da ya jagoranci ƙirƙirarta tana zana sakamakon da launi. Yanki mai yawan cuta da maƙwabta masu yawan cuta suka kewaye shi, shi ne matattara. Yanki mai yawan cuta a tsakiyar masu lafiya kuwa ya cancanci a tura masa mota tun da safe, domin ko dai annoba ce take tsirowa, ko kuwa kuskure ne a rajista, kuma duka biyun suna bukatar ido.

Hanya ta biyu, wadda ma'aikatan lafiya suka fi amfani da ita, ta Martin Kulldorff ce ta 1997, da manhajarta SaTScan. Kwamfuta takan ɗora zobe a kan gidan likita guda, ta ƙirga waɗanda suka kamu a cikin zoben, ta gwada da adadin da ya kamata a samu in da cutar ta bazu daidai wa daida bisa yawan jama'a. Sai ta faɗaɗa zoben ya haɗiye maƙwabci na gaba, ta sake gwadawa. Ta gama da wannan gidan likita, ta koma na gaba, har ta zagaye ƙasar duka. Zoben da ratar cikinsa da wajensa ta fi girma shi ake fara tuhuma. Ana iya ƙara masa lokaci, a tambayi wuri da mako tare, wanda shi ne ainihin abin da ake bukata ga cutar da ke tasowa da hunturu da ƙura, ta yi ƙamari da zafin bazara, ta lafa da saukar ruwan farko.

An gwada waɗannan hanyoyi a kan bayanan Nijar. Ƙasar tana tsakiyar zirin sanƙarau na Afirka wanda likita Léon Lapeyssonnie na Faransa ya bayyana a 1963, daga Senegal zuwa Habasha. Tun 2002 cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai take karɓar ruwan ƙashin baya da ake ɗiba daga marasa lafiya a gidajen likita na ƙasar, tana tantance irin ƙwayar cutar. A 2012 Juliette Paireau da abokan aikinta na CERMES da cibiyar Pasteur ta Faris suka wallafa nazarin bayanan 2002 zuwa 2009, da ma'aunin Anselin da zoben Kulldorff. Sabon abin da suka yi shi ne sauka ƙasa da gunduma. A lokacin Nijar tana da gundumomin lafiya 42, kuma a kansu ake yanke shawarar rigakafi. Su kuwa suka yi lissafi a kan yankin kowane gidan likita. Jihar Tawa ta fito cikin wuraren da matattarar cutar ta fi yawan bayyana. Sun kuma ga cewa a cikin gunduma guda, sau da yawa 'yan yankuna ƙalilan ne ke ɗauke da nauyin cutar, sauran suna zaune lafiya. Abu na uku da suka samu ya kamata a riƙe shi da kyau: babu wata tsayayyar hanya da annobar take bi kowace shekara. Taswirar bara ba ta faɗin ƙauyen da za ta fara bana. Amfanin lissafin yana ga saurin ganowa da zarar ta fara.

Misali zai nuna dalilin da ya sa girman yanki yake da wannan tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2014, ta sa matakin faɗakarwa a kan mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, matakin annoba kuma mutum 10 cikin 100,000. A ɗauka gunduma tana da mutum 300,000, kusan girman ta Ƙonni. Kafin ta kai matakin annoba sai an samu marasa lafiya 30 a mako. A ɗauka kuma wani gidan likita a cikinta, mai kula da mutum 20,000, ya karɓi yara 12 cikin kwana bakwai, wuyansu a sanƙare, jiki zafi rau, wasu ba sa iya duban haske. A lissafin yankinsa wannan 60 ne cikin 100,000, ninki shida na matakin annoba. A lissafin gunduma kuwa 4 ne kacal, da ƙyar ya haura matakin faɗakarwa. Majo, wato shugaban gidan likitan, ya san wuta ta kama, amma takardar da ta isa Tawa ba ta nuna haka ba. Wannan ne ya sa hukumar ta ce gundumar da ta wuce mutum 100,000 a raba ta ƙanana wajen lissafi, yankin da bai kai 30,000 ba kuma mutum 5 a mako sun isa a kira shi annoba.

Halima Boubacar Maïnassara ta CERMES da abokan aikinta sun bi wannan tambaya da bayanan jihohin Tawa da Tilaberi da Doso na 2002 zuwa 2012, suka wallafa a 2015. Sun samu cewa sa ido a matakin yankin gidan likita ya fi na gunduma hana kamuwa, kuma rage mako biyu daga jinkirin da ke tsakanin ƙararrawa da isar rigakafi yana ninka amfanin allurar. Batun ya ƙara muhimmanci bayan allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Nijar a 2010, ta karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar. Nau'in C ya ɓullo a jihohin Kebbi da Sakkwato a 2013, ya haddasa babbar annoba a Nijar a 2015, inda sama da mutum 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu.

Iyakokin da ake lissafi a kansu su ma ba dauwamammu ba ne. Kafin 2011 Malbaza tana cikin gundumar Ƙonni, Bagaruwa kuma tana cikin ta Ilela. Wanda ya jera adadin Ƙonni na 2009 da na 2015 ba tare da ya kula da wannan ba zai ga cuta ta ragu, alhali ƙasar ce aka rage. Masana sun daɗe da sanin cewa sauya iyaka kawai yana iya sauya sakamakon lissafi ko da babu abin da ya canza a ƙasa. Maganinsa shi ne a ajiye bayani a mafi ƙanƙantar mataki, wato ƙauye, domin daga ƙauye ana iya haɗa kowace irin gunduma, amma daga gunduma ba a iya komawa ƙauye.

Akwai iyakar da ta fi waɗannan wuyar sha'ani. 'Yan kilomitoci kudu da Birnin Ƙonni taswirar Nijar take ƙarewa, a kwamfuta sai farin fili. A ƙasa kuwa garin Illela na jihar Sakkwato ne, da kasuwarsa, da dangi da surukai, da masu babura da ke tsallakawa sau da yawa a yini. Zoben Kulldorff idan ya iso nan rabinsa yakan faɗa inda babu bayani, yankunan bakin iyaka kuma su zama kamar ba su da maƙwabta ta kudu. Matattarar da cibiyarta take ƙetare za ta bayyana ƙarama a wannan gefe, ko ta ɓace ɗungurungum. Kwalarar 2018, wadda ta fara a Madarunfa kusa da iyaka kafin ta kai gundumomin Ƙonni da Malbaza, ta nuna cewa cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Babu dabarar lissafin da za ta cike wannan giɓi. Musayar bayani tsakanin jami'an lafiya na Tawa da na Sakkwato, mako-mako kuma da tsari iri ɗaya, ita kaɗai ce za ta cike shi.

Daga nan sai batun da ya fi kowanne ƙanƙanta a ido, wato layin da ake rubuta garin marar lafiya a rajista. Asibitin Galmi, wanda ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar mutane daga nesa, har daga Najeriya. Idan aka ɗora kowane marar lafiya a inda aka yi masa magani, Galmi da birnin Ƙonni za su yi ta fitowa a matsayin matattara kowace shekara, ƙauyukan da cutar ta fito kuma su fito fari fat. Wurin da mutum yake kwana ake bukata. Shi ma sunan sai an yi hattara da shi. Akwai Ilela ta jihar Tawa, akwai Illela ta Sakkwato, akwai kuma Alela, ƙaramar hukuma a gundumar Ƙonni. Sabon Gari da Tudun Wada da Zango ba su ƙirguwa. Gari guda kan fito da rubutu uku, na Faransanci da na Hausa da na wanda ya ji da kunne ya rubuta cikin gaggawa. Kwamfuta ba ta yin tambaya. Ko ta jefa yaron a wani gari mai nisan kilomita 70, ko ta watsar da shi daga lissafi. Yawancin lokacin mai wannan aiki a nan yake tafiya, yana bin rajista layi-layi yana daidaita sunaye da lambobin RENALOC. Ana kuma tattara ɗigon zuwa matakin ƙauye ko yanki kafin a fitar da taswira ga jama'a, don kada a nuna gidan wani a ce nan cuta take.

Lafiya ba ita kaɗai ke cin moriyar wannan lissafi ba. Ma'aunan ruwan sama kaɗan ne, gonaki kuwa ba iyaka. Dabarar kirijin, mai ɗauke da sunan Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya fara ta a 1951, wadda Georges Matheron ya shimfiɗa mata ƙa'ida a Faransa, tana ƙiyasta abin da ya sauka a wurin da ba a auna ba daga ma'aunan da ke kewaye. Fifikonta shi ne tana ba da taswira biyu, ta ƙiyasi da ta girman shakkar da ke cikinsa. A Sahel ta biyun ta fi bukatar dubawa. Gwajin EPSAT da aka fara a 1990, da ma'aunai kusan 100 a kewayen Yamai, ya tabbatar da abin da manoma suke faɗa, cewa a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan gari, na gaba ko ɗigo. Ma'aunin Ƙonni, inda ake samun wajen milimita 500 a shekara, ba ya wakiltar gonar Tajaye a wata damina. Don haka cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, take haɗa ma'aunan ƙasa da hotunan tauraron ɗan'adam. Irin wannan lissafi yana aiki ga zurfin rijiyoyi a ƙasar Ilela, inda manoma suka rungumi haƙar tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, tun ƙarshen shekarun 1980, da kuma rabon ruwa a fadamar noman rani ta Ƙonni mai sama da kadada 2,400, wadda madatsun Mozage da Zongo suke shayarwa.

Duk da haka, abin da lissafin wuri yake iya tabbatarwa shi ne cewa abu ya taru a wuri kaza fiye da yadda dace zai kawo. Dalilin taruwar, ko cunkoson ɗaki ne, ko ƙura, ko taron biki, ko yaran da rigakafi ya tsallake, sai an je an gani, an zauna da mai gari da majo da iyaye mata. Taswira mai launi tana da kwarjini a gaban taro, wani lokaci fiye da abin da ta cancanta. Wadda aka gina a kan rajista marar kyau tana iya tura allura inda ba a bukata, ta bar inda yara ke kwance.

Saboda haka mai karatu yana da hannu a cikin wannan aiki, ko bai taɓa ganin kwamfuta ba. Duk wanda ya ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, ya kai shi gidan likita a ranar, kada a jira gobe. Idan aka tambayi gari, a faɗi inda marar lafiyar yake kwana, da sunan ƙaramar hukumar, ko da a ƙetaren iyaka ne. Idan ya yi tafiya ko ya je taro cikin kwana goma da suka wuce, a faɗa. Ma'aikacin lafiya kuma ya rubuta sunan garin cikakke, ya aika da rahotonsa na mako a kan lokaci, har a makon da bai ga ko mutum ɗaya ba.